Hawan Ƙarshe na Vinko Lampret

A kwarinmu, in ka ambaci Vinko Lampret, sai a ce, "Mai tsofaffin kekunan nan?" A ma'aikatar yankan katako ya ƙare ƙarfinsa, amma ba mai tunawa da wannan. Rumfar bayan gidansa ce ta yi masa suna. Can ya rataye kekunan hawan dutse irin na farko, na ƙarfe zalla, waɗanda suka fara shigowa yana saurayi, lokacin da yakan tsaya bakin kanti a birnin Ljubljana yana kallonsu ta gilashi yana haɗiyar yawu. Da hali ya samu sai ya bi su yana saye ɗaya bayan ɗaya, daga kasuwar tsofaffin kaya har tsallaken iyakar Italiya.

Ba ya yi musu sabon fenti. In ka nuna masa inda wani ya ƙuje, sai ya harare ka ya ce dutse ne ya sa hannu a wurin. Matarsa Zdenka ta daɗe da haƙura. Abu ɗaya ta hana shi, wanke sarƙar keke a tukunyar girkinta, shi ma sai da aka kai ruwa rana.

Masu irin wannan ciwo suna da yawa, kuma duk kaka sukan haɗu su hau dutse zuwa masaukin da ke can sama. Dokarsu ɗaya ce: komai na jikin keke ya zama na zamaninsa, tun daga sirdi har noti. Kafin a tashi sai an durƙusa an duba. Mai dubawar kuwa Rado ne, abokin Vinko tun na makaranta, tsohon direban bas mai bakin tsiya, wanda ya taɓa korar ƙaninsa saboda sabuwar wayar birki.

Bana likita ya duba gwiwar Vinko ta dama ya ce ta cinye, kafin ƙanƙara ta sauka za a cire a sa ta ƙarfe. Zai yi tafiya, zai ma tuƙa keke a shimfiɗaɗɗen titi, amma shi da dutse sun yi sallama. Maganar ta soke shi ƙwarai. Ya dawo gida, ya sauko da jan keken da ya fi ƙauna, ya fara goge shi. Hawan bana shi ne na ƙarshe, kuma ya ƙudurta a kan sirdi zai isa ƙofar masaukin, ba a ƙafa ba, ba a mota ba.

Ana gobe hawa, da rana, ya tarar tayar baya ta tsattsage. Rado ya leƙo rumfar, ya latsa ta da yatsa, ya girgiza kai.

"Je ka kanti ka sayo ta zamani, mutumina. Gobe wurin dubawa in na zo kanka sai tari ya kama ni in wuce."

"Kai da ka kori ƙaninka?"

"Ƙanina gwiwarsa lafiya lau. Kai fa gurgu ne."

"Gurgun da zai riga ka isa ba," in ji Vinko.

Ya shiga ɗaki, ya jawo wata taya daga ƙarƙashin gado, sa'ar jan keken, a naɗe cikin ledar masana'anta, ba a taɓa buɗe ta ba. A wurin mutanen nan irin wannan ba a buɗewa. Nuna wa baƙi ake yi, su riƙe da hannu biyu, a mayar. Vinko ya ɗauki almakashin Zdenka ya farke ledar. Rado ya cire hula kamar ana wucewa da gawa.

"Sabuwa fil," in ji Vinko yana shafa ta.

Tsofaffi biyu, kowa yana ji da sanin keke, amma ba wanda ya kawo a ransa cewa roba ma tsufa take yi ko tana kwance a leda. Son abu ya rufe musu ido.

Da safe aka duba, aka tashi. Vinko ya ciji leɓe ya kama hanya. Gwiwa na zugi, zufa na shiga masa ido, mutane na wuce shi suna kiran sunansa, shi dai bai sa ƙafa a ƙasa ba. Sun fita daga dajin da ke jikin dutsen ke nan, ana hango rufin masaukin, sai fam! Gefen tayar ya dare, tub ɗin ciki ya fashe.

Zdenka na biye a mota da kwandunan burodi. Ta fito da sauri.

"Vinko, don Allah shigo mu ƙarasa. Wa zai ce ka gaza?"

"Ni," ya ce.

Ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya zare tub ɗin ya jefa mata a mota. Sai ya fara tuge ciyawar gefen hanya yana cusawa a cikin tayar, yana dannawa da babban yatsa. Haka suke yi suna samari, in taya ta fashe musu a dawa ba abin faci. Ya kwance igiyar takalminsa ya ɗaure inda ya dare.

Rado ya gangaro yana haki, ya durƙusa ya ƙura wa aikin ido, fuska a murtuke.

"Ciyawar nan ta wace shekara ce?"

"Dutsen ne ya ba ni. Shi kuwa ya girmi keken, ya girme ka."

 Rado ya sunkuyar da kai ya shiga tuge ciyawa shi ma.

Ragowar hanyar ba ta da tsawo, amma hawa ce mai tsauri. Keken na tafiya yana ɗingishi kamar mai shi, ciyawa na zubowa a baya. Waɗanda suka riga su isa suka ajiye kwanukan jota, miyar wake da kabeji mai tsami, suka fito suka jeru bakin shinge. Ba ihu, ba tafi, sai nishin Vinko kawai ake ji. Sau biyu keken ya kusa tsayawa cak, sau biyu ya miƙe ya danna da ƙafar da aka ce ta ƙare.

Ya isa ƙofa, ya kama ginshiƙin shingen da hannu ɗaya, ƙafafunsa har yanzu na kan feda. Sai a lokacin wurin ya kaure da sowa.

Zdenka ta ratso mutane, idonta ya cika da hawaye, ta miƙo masa hannu.

"To tsohona, ka iso. Sauko, miya na hucewa."

Vinko bai saki ginshiƙin ba. Ya juya ya kalli hanyar da ya hawo, har can ƙasa inda kwarin yake.

"Bar ni tukuna, Zdenka," ya ce a hankali. "In na sauko, na sauko ke nan."

Ta janye hannunta. Rado ya matso ya riƙe masa kan keken, ita kuma ta shiga ciki ta kawo masa miyar a inda yake.