Ƙarfen Juya Layi

Jiya, muna wucewa ta tsohuwar tashar jirgin Kafanchan a kan babur, idona ya faɗa kan ƙarfen juya layin dogo, ya yi tsatsa cikin ciyawa. Take na ji warin baƙin man da ba ya barin tafin hannun kakana. Aikinsa ke nan har ya tsufa.

Shekarar da na samu gurbi a kwalejin malamai ta Gidan Waya, littattafan soyayya sun cika mini kai. Saurayina Dauda ya ce in ajiye karatu mu tafi Legas, zai zama mawaƙi, mu zauna bakin teku. Har labulen ɗakin na zaɓa a raina.

Kaka bai yi faɗa ba. Ya kai ni mararrabar layin, ya ɗora hannuna kan ƙarfen mai zafin rana.

"Amaryata, ja mu gani."

"Tsoho, lebura ka samu?"

Ya yi dariya har da tari. "Daga nan jirgi na iya zuwa Jos, yana iya zuwa Inugu, amma ba duka a tafiya ɗaya ba. Zuciya kaɗai ke gudu babu dogo. Bar ta ta je teku, ƙafarki ta je aji."

Na je aji, ban taɓa nadama ba. Dauda ya tafi, ya dawo da jitarsa. Yanzu shi ke jan waƙa a cocinmu, kuma shi nake riƙe da bayansa jiya a kan babur ɗin.

Kaka, Ubangiji ya miƙe maka layi har gida.