Gangunan Ƙanena a Gonar Gero

A shekarun da kuɗin fetur ya sa gwamnati ke rabon guraben karatu kamar goron suna, aka tura ƙanena Ingila ya koyo aikin famfo. Ya dawo Kazaure da ganguna biyar, da faya-fayan tagulla biyu, da wani yagaggen wando da aka kama da fil. Washegari Inna ta ɗinke wandon tsaf, ya kwana uku yana fushi da ita, wai yagewar ce adon.

Kiɗan nasa wai sunansa fank. Na yi karatu gwargwado, har ina koyarwa a firamare a Roni, amma ban san abin da zan kwatanta shi da shi ba, sai dai rufin kwano ya faɗo kan tukwane. Kowace waƙa minti biyu ce. Ya ce duk wadda ta wuce haka ƙarya ce.

Mu gidanmu ba makaɗa ba ne, malamai ne da manoma. Baba ya ba shi wa'adi zuwa kaka: ko ya nuna amfanin kayan nan, ko a kai su kasuwar Babura a sayar.

Ƙanena ya gwada kiɗan a wani biki a Gwiwa. 'Yan mata suka ɗaga ƙafa suna neman inda za su shiga, kafin su sauke kiɗan ya ƙare. Ya je gaida sarkin makaɗa, tsohon ya saurara da haƙuri, sannan ya tambaye shi wa gangar take yi wa kirari. Ya ce ba kowa, fushi take yi da gwamnati. Tsohon ya rage murya ya tambaye shi wace gwamnatin. Ya ce ta Ingila. Aka yi masa addu'ar samun sauƙi aka sallame shi.

Da maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa, sai ya ɗora kayan a amalanke ya koma gonar geronmu yana ta dukansu. A shekarar ne jan-baki suka sauko, tsuntsayen nan da ke share gona kafin azahar. Kowa na jan igiyar gwangwanaye yana ihu, a banza. Tamu kuwa ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba. Cikin mako guda manoma suka cika zaurenmu, har da waɗanda suka kai ƙarar, kowa na so a fara da gonarsa.

Ranar da Baba ya zaga gonar, ya daɗe yana murza zangarniya a tafin hannu. Daga nan ya ce gangunan sun zauna, amma da sharaɗi: kada a ƙara kiran wannan abu kiɗa a gidansa, noma ne.

"Baba, ni fa makaɗi ne," in ji ƙanena.

"To, wa ya taɓa zama ya saurare ka?"

Ƙanena ya ɗaga kai ya dubi sama. Ko tsuntsu ɗaya babu. Ya karɓi sharaɗin, kuma damina bakwai ya yi yana wannan noma, daga Roni har bakin iyakar Nijar.