Alhaji Lawali Waigi ya tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe ofis a unguwar Xiaobei ta Guangzhou saƙon ɗansa ya shigo mini: Alhaji Lawali na Maraɗi ya rasu bayan doguwar jinya. Har an kai shi makwancinsa kafin in gani.

Na zauna a kan kwali na kasa kunna ko fanka.

Na gaji da irin wannan saƙon. Mutanen da muka fara zaman Guangzhou tare suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kullum a waya nake ji.

Waɗanda suka zo daga baya ba za su san shi ba. Tsohon direban babbar mota ne da ya koma sayar da kayan gyara. A shekarar Olamfik muka haɗu, ina yi wa 'yan kasuwa tafinta da lodi. Da ya ji ni Bakano ne sai ya sa mini suna "ɗan birni", bai ƙara kirana Nura ba.

Bai taɓa zuwa ofishina hannu rabbana ba. Ko kilishi, ko yaji a ƙullin leda. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya riƙa hawo benen nan da gwiwarsa mai ciwo yana kawo mini kunun da ya dama da kansa.

Abin da ya kawo shi wata 'yar na'ura ce da ba ta fi ka rufe ta a tafin hannu ba, yana kiranta makullin birki. A bututun man birki ake ɗaura ta. Direba ya taka birki, ya murɗa ta, sai ta kulle man a ciki, mota ta tsaya cak ko ya ɗaga ƙafa. Ya samo ta wajen wata masana'anta a baje kolin Pazhou, masu tsofaffin motoci a gida kuma suna ta nema saboda birkin hannunsu ya daɗe da mutuwa.

In ya fara tarihinta a cikin jirgin ƙasa na metro sai mun wuce tasharmu. Ya ce Amurkawa suka fara sa irinta a ƙananan motoci tun ba a haife shi ba, don kada mota ta gangaro baya in za a tashi a kan tudu. Daga baya aka yi ta hannu ga manyan motoci masu birkin mai. Amfaninta na ɗan lokaci ne, direba yana zaune a kujerarsa. In aka bar ta, man yana zurarewa a hankali har birkin ya saki, babu ƙara, babu alama.

Sai da muka saba ya gaya mini yadda ya san haka.

Yana matashi ya tsayar da motar gyaɗa a gangare, ya murɗa makullin, ya tafi alwala. Yayansa Sani yana bayan motar yana ɗaure tamfol. Motar ta sulalo. Sani ya rayu, amma ƙafa ɗaya ta tafi.

Shi ya sa ya kafe sai an manna wa kowace na'ura ɗan ƙarfe mai rubutu: "Wannan ba birkin hannu ba ne. In za ka sauka, sa waigi." Da boko, da ajami, da Faransanci. Waigi shi ne abin da ake tokare taya da shi, daga nan 'yan Xiaobei suka laƙaba masa Alhaji Waigi, shi kuma yana amsawa.

Laoban, wato mai masana'antar, ya ce sitika zai iya yi, ƙarfe kuwa meiyou, babu. Alhaji ya ce mai da rana za su cinye sitika kafin damina ta zagayo. Haka muka yi ta yawo cikin zafin nan mai danƙo, daga wannan shago zuwa wancan muna neman mai buga ƙarfen. Na ce masa Baba, mu haƙura da sitikar mana, ai kowa haka yake yi. Bai yi fushi ba.

Ya ce, "Ɗan birni, wanda zai tsaya bayan motar ba shi ya saya ba."

Lokacin kuma an tsaurara biza saboda wasannin Olamfik ɗin. Tasa ta zo ƙarewa, aka ƙi sabunta masa. Dole ya tafi ba a gama komai ba.

Ranar tafiyarsa muka ci taliya a gidan abincin Musulmi da ke ƙasan ofishina. Bai ci da yawa ba. Ya miƙo mini samfurin naɗe a hankici, ya ce in na gaji in bari, ba zai riƙe ni a zuci ba, amma kada in loda ko guda ɗaya babu rubutun. Na raka shi ya shiga tasi. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bayan wasannin na samu wani ƙaramin shago ya buga ƙarafunan. Na farko ajamin ya fito a juye, aka sake. Kayan sun isa Maraɗi, amma ba su yi kasuwa sosai ba, don motoci masu birkin iska sun riga sun fara cika hanya. Da na yi masa jaje a waya sai ya yi dariya, ya ce waɗanda suka saya dai sun karanta.

Ya sha cewa zai dawo. Gwiwa ta hana, sannan ciwon ya zo. Ni ma na sha cewa zan leƙa Maraɗi in na je gida, kullum hutun ba ya isa.

Yau ba zan iya lodi ba. Masu kaya a wajena ku yi mini haƙuri zuwa gobe.

Allah Ya jiƙan Alhaji Lawali, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a. Mu da muka rage a nan, Allah Ya mai da mu gida da ƙafafunmu.