Tumakin da aka bar mini amana

Da aka tura ni aiki Gure, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ban san kowa ba. Iyalina suna can yamma. A kasuwa ana yi mini Hausa, amma da na juya baya sai a koma Barbarci a kwashe da dariya. Ba da ni ake ba, na sani, amma abin yana ci mini rai.

A bironmu, wato ofis, akwai kwamfuta ɗaya ta wani furoje, irin shirin nan na tallafi, kuma wani ya bar wasa a cikinta: ka kafa gari irin na zamanin da, ka yi noma, ka gina ganuwa, ka tara mayaƙa kafin maƙwabta su far maka. Da rana tsaka kowa yana tafiya gida cin abinci. Ni wa zan tarar a gida? Sai in zauna in yi ta gina gari, in dai akwai kuran, wato wutar lantarki.

Wata rana direban furojen, mutumin garin Kelle, ya tsaya a bayana. Ya ga na sa an yanka tumakin da na tsinto a dajin wasan.

"Kai, mushe! Duka? Suna ake yi?"

Mushe yake ce mini, wato malam a bakin 'yan boko. Na ce abincin mayaƙa ne. Ya ja kujera ya ce in matsa. Tun daga ranar muke wasan tare, kuma wallahi ban taɓa ganin sarki irinsa ba. Ya tattara tumaki, ya kewaye su da ganuwa, ya hana a taɓa ko ɗaya. Kullum ana cinye mu da yaƙi, ni ina faɗa shi yana dariya. A Gure shi ya fara kai ni gidansa cin tuwo.

Sai aka mayar da shi Damagaram. Ranar tafiyarsa ya nuna kwamfutar da makullin mota.

"Ga dabbobina nan, amana. Zan dawo in ƙirga."

Wasa yake yi, amma ni na riƙe. Da abokan gaba suka iso ƙofar garin, abinci ya ƙare, ga tumaki maƙil. Na kai hannu zan sa a yanka, na janye. Na kora su can ƙarshen taswira, na zuba ido aka ƙone garin ƙurmus. Bayan nan kullum da rana sai in buɗe in dube su, suna tsaye, ba mai kiwo sai ni. Kewa ta ishe ni, ba na ɓoyewa.

Bai dawo ba. Da furojen ya ƙare, wani sabon direba ya zo ɗaukar kayan. Na taya shi ɗaure kwamfutar a bayan mota, na ce in ya haɗu da mutumin Kelle a Damagaram ya gaya masa suna ciki, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Ya ce, "Su wa?"