Farar Rigar Bana Kasonde

A garin Luanshya idan aka yi rasuwa, kafin gawa ta huce an fara fitar da kayan ɗaki. Kujeru da gado da kabad duk a jibge su a tsakar gida, don mata su sami wurin zaman makoki a ƙasa. Al'ada ce mai kyau, ba wanda ya ce a'a. Sai dai kayan da suka riga suka fita waje ba su da wuyar lodawa a mota, kuma dangin miji sun fi kowa sanin haka.

Esnart, wadda kowa ke kira Bana Kasonde, wato uwar Kasonde, da sunan ɗanta na fari, a kanta ta koyi wannan karatu. Mijinta ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin haƙar tagulla, tari ya ƙarasa shi. Tana cikin ɗaki fuskarta a rufe, matan zumunta na coci sun kewaye ta suna waƙa, ta ji tashin mota. Da ta fito ko tukunyar tuƙa tuwo ba a bar mata ba. A kan buhunan gawayi ta kwantar da 'ya'yanta, da sayar da busasshen kifi a kasuwa ta raine su.

Da ta manyanta aka sa mata farar riga da farin ɗankwali na zumuntar mata. Wanda bai zauna a garin ba ba zai gane nauyin rigar nan ba. Mashayi ma idan ya hango ta sai ya ɓoye kwalbarsa. Ranar da mai rigar ta mutu kuwa, 'yan uwanta ne za su yi mata wanka, su sa mata ita, su jeru fari fat har bakin kabari. Bana Kasonde ba ta da gona, ba ta da fansho. Wannan rakiyar ce kaɗai ta tanada wa kanta, kuma tana son ta har cikin ranta.

Ba ta iya karatu ba, amma kunnenta na aiki. Ta sha jin ana karanta wa ikilisiya cewa Allah yana tsaya wa gwauraye da marayu. Wata rana a gidan makoki, ana tsakiyar waƙa, ta ji mota tana ja da baya a waje. Ta miƙe ta fita, ta haye kan tarin kayan ta zauna, ta ci gaba da waƙarta. Maza suka yi cirko-cirko. Wa zai sa hannu ya taɓa farar riga? Motar ta koma wayam.

Daga nan abin ya zama aikinta. Ta zauna a kan katifu, ta zauna a kan keken ɗinki, ta taɓa wuni a kan firji ƙafafunta na lilo. A kasuwa har tsokanarta ake yi.

"Bana Kasonde, yau kan me za a hau?"

"Kan rediyonka, idan ka riga ni tafiya. Na ga idon ƙannenka a kanta."

Fasto ya yabe ta a kan bagade, da yake duk waɗanda ta kora ba 'yan cocin ba ne. Sai ƙanin Bashi Nkole ya rasu. Bashi Nkole, wato uban Nkole, dattijon ikilisiya ne, shi ya yi wa cocin rufin kwano, shi kuma ya zo da mota gidan matar ƙanin nasa. Ya tarar da Bana Kasonde a kan kabad.

"Mama, sauko. Maganar dangi ce wannan."

"Baba, ranar Lahadi kai ka karanta mana batun marayu. Ko na wani gari ake nufi?"

A gaban jama'a ta faɗa, har wasu suka kasa riƙe dariya. Ya tafi da motarsa ba kaya, amma bai manta ba. Majalisar dattawa ta zauna, ta ce Bana Kasonde ta mai da tufafi mai tsarki abin rigima, ta kuma ci mutuncin shugaba. Ranar Alhamis, a taron zumunta, aka ce ta miƙa rigar. Shugabar mata, Bana Chibesa, ƙawarta ce tun suna amare, ita ta karɓa tana kallon ƙasa. Aka ce ƙofa a buɗe take: ta tsaya gaban ikilisiya ta nemi gafara, ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba, a mayar mata da rigar.

Ta yi kuka kamar an yi mata sabuwar mutuwa. Ta rame. Ta sha shirya kalmomin neman gafarar a bakin murhu, amma da ta zo kan alkawarin sai harshenta ya ƙi.

Ana haka wani direban bas ya mutu ya bar matarsa Lombe, yarinya mai goyo. Bana Kasonde ta je da zanen atamfa irin na kowa, ta hau kan katifa. Wannan karon ba wanda ya yi cirko-cirko. Samari biyu suka kama ta hannu da ƙafa suka ajiye ta a bakin kwata kamar buhun masara, ƙugunta ya bugi dutse. Ta ƙwala wa matan zumunta kira, suna ciki da fararen rigunansu, sun fi ashirin. Waƙar ce kawai ta ƙara ƙarfi. Lombe ta leƙo ta taga.

"Mama, don Allah ki bari, za su ce ni na kira ki."

Aka kwashe komai, har tukwanen da aka dafa wa masu makoki abinci.

Ƙugun bai warke ba. Tana kwance a ɗakinta, jikokinta marayu suna yi mata jinya, Bana Chibesa ta zo dubiya da ƙullin gyaɗa. Ta daɗe tana zagaye-zagaye kafin ta fito da abin da ya kawo ta.

"Esnart, kalma ɗaya ce fa. A nan ma za a iya zuwa a karɓi tubanki. Idan kika tafi a haka ba za mu iya sa fari dominki ba, kin sani."

Bana Kasonde ta sani, kuma abin yana ci mata rai. Ta dubi gadon da take kai, da kabad, da yaran da ke bakin ƙofa.

"Ku bar farin, ku bar waƙar," in ji ta. "Idan an fitar da kayan nan, ke ɗaya ki fito ki zauna a kai. Kina da rigar. Za ki zauna?"

Bana Chibesa ta gyara ɗankwalinta, ta ce bari su yi addu'a.