Farar Akuyar Yaya Saratu

Damunar da na shiga aji uku na fara lura da idanun Yaya Saratu. Muna tsinkar rama a bayan gida, can ƙauyenmu na gefen Durun, ta ɗago ta dube ni, sai na ga farin idonta ya rine kamar furen kabewa. Ni kyau ya yi mini. Na ɗauka irin idanun 'yan matan littattafan soyayyar da take karanta mini a gindin tsamiya ne, ban san ciwon sikila ne yake leƙowa ba.

A majami'armu, wanda Ubangiji ya warkar, danginsa sukan taka rawa har gaban bagade da abin godiya. Don haka Inna ta ware wata farar 'yar akuya, ta ɗaura mata jan zare a wuya. "Ta godiyar Saratu ce, kada wanda ya taɓa," in ji ta. Ni nake zuba mata harawa kafin in tafi makaranta. Matan zumuntar majami'a sukan zo addu'a da tulunan kiɗansu, su durƙusa a tsakar gida har gwiwoyinsu su bar gurbi a ƙasa. Inna ta yi azumi har zani ya daina zama a ƙugunta. Maƙwabciyarmu Hajiya Mairo takan shigo da kunu, ta ce, "Maman Saratu, ku yi taku, mu yi tamu, Allah ya dafa mana." Akuya tana ƙiba, Yaya tana ramewa.

Lokacin kaka Yaya ta cika a hanyar zuwa asibitin Gwarzo, kanta a cinyar Inna. Baba ya ce a kai akuyar kasuwa, ba ya son jin kukanta. Ranar Lahadi sai ga Inna ta shigo majami'a riƙe da igiyar akuyar. Masu kiɗa suka sauke hannu. Ita kaɗai ta taka rawar, ba a jin komai sai ƙarar kofato a kan siminti. Fasto ya sunkuyo ya ce, "Mama, ai ba ta warke ba." Inna ta miƙa masa igiyar. "Na sani, Fasto. Alkawari na yi, ba ciniki ba."

Yanzu majami'ar ta sami lasifika da fenti, amma in na shiga, kofaton nan nake ji. Inna ta tsufa, idanunta sun rufe, an yi addu'a ba su buɗe ba. Har yau tana kiwon farar akuya. Kullum da safe takan lalubo wuyanta, ta ji ko zaren yana nan.