Mai Tunin Zaurenmu Ya Cika a Kan Dandali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Tuni, dattijon zauren wasan kwaikwayo na birninmu, yana da shekara saba'in da uku. Ya rasu a kan dandalin da shi ya buga ƙusoshinsa, a gabanmu mu goma sha ɗaya, kuma babu ko ɗayanmu da ya gane rasuwa yake yi. Ni ce mai ba da umarni a zauren, ni ce kuma na tsaya a kansa ina yi masa gyara.

Baba, yau kwana tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ranar da aka kai ka makwancinka, Mama, uwargidanka, ta kama hannuna a tsakiyar mata, ta yi min tambaya ɗaya tak: "'Yar nan, ya cika da kalma?" Na ce mata e. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban tabbata gaskiya na faɗa ba, kuma tun daga ranar kaina yake ɗaure.

Waɗanda suka tashi suka tarar da zauren nan da kujeru da fitilu ba su san da can sito ne ba. Shekara arba'in da shida da suka wuce hukumar birni ta kwashe buhunan da ke ciki, ta kira kafintoci su yi dandali, kana cikinsu. Aka gama aiki kowa ya ɗauki zartonsa ya tafi, kai ka ƙi tafiya. Ka so ka zama ɗan wasa, sai dai muryarka ba ta wuce layi na uku na kujeru. Shi ya sa aka ajiye maka kujera 'yar tsugunno a bayan labulen hagu, aka ba ka rubutun wasa da tocila, aka ce duk wanda ya manta maganarsa ka raɗa masa. A nan ka sami sunanka, har yawancinmu ba mu san na yanka ba sai a wurin jana'iza.

Ni ma da raɗarka na fara. Ina 'yar makaranta aka kawo mu yin wasa a kan tsaftar rijiya, na fito na ga kawuna cike da zaure, bakina ya mutu. Sai na ji murya daga cikin labule: "Ce musu ruwa ya gurɓace. Kuma ki daina murza zanen mutane, na aro ne." Na faɗi duka biyun da ƙarfi. Zaure ya kwashe da dariya, ka yi shekara talatin kana tsokanata da wannan.

Babu abin da garin nan bai yi a zauren ba. A nan ake raba kyaututtukan makarantu, a nan muka yi wasannin rigakafi har iyaye suka daina ɓoye 'ya'yansu a bayan randa. Shekarar ambaliya gida sittin suka fake a ciki, ka sauke labulayen dandali duka, ka yanka su da almakashi ba tare da ka tambayi kowa ba, ka kewaye wa kowane iyali wurinsa don kada matan mutane su zauna a fili. Da aka so a ba wani ɗan kasuwa hayar zauren ya zuba katifu, ka bi matan kasuwa zuwa taron hukuma, ka zauna a bayansu kana raɗa wa shugabarsu abin da za ta ce. Ita ta sha tafi, kai ka dawo kana cewa ta tsallake maka layi biyu.

Daga baya ne muka gano amfaninka na biyu. Idan wasa yana da tsohon da zai mutu, kai muke sawa, domin kana kwance a lulluɓe a tsakiyar dandali ka fi kusa da masu mantuwa. 'Yan kallo suna share hawaye, gawa tana raɗa wa masu makoki abin da za su faɗa. Kai ne kuma ka kafa mana doka, cewa ba a katse mutuwa: da zarar tsoho ya faɗi, ko rufi ne ya rufto, kowa ya ci gaba har sai na tafa hannu sau biyu. Ka taɓa kwanciya minti ashirin da tururuwa a kunnenka ba ka motsa ba. Idan na tafa, sai ka yaye mayafi ka ce, "Za a ba ni ruwa, ko sai na sake mutuwa?"

Ranar Talatar gwaji muke yi. A rubuce, tsohon zai yi wa 'yarsa wasiyya, ya yi kalmar shahada, sannan ya kwanta. Ka fara wasiyyar, sai ka tsaya, ka dafa ƙirji, ka yi kalmar shahada a sarari, da muryar da na ji har layin ƙarshe inda nake zaune. Ka sulale ƙasa. Na taso da takarda a hannu, na tsaya a kanka na ce, "Baba, ka yi sauri, saura layi uku. Bari dai, mu ci gaba." Wannan ce maganata ta ƙarshe gare ka.

Muka bi dokarka. Aka lulluɓe ka. Malamar makarantar da ke fitowa a matsayin 'yarka ta durƙusa tana kuka, har na yaba mata. Can ta manta maganarta, ta sunkuyo kusa da kanka tana jiran raɗa kamar kullum. Shiru. Ta ɗan taɓa ka da gwiwa. Shiru. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na tafa sau biyu, na sake tafawa, ina ta tafawa kamar wadda ta zautu.

To, Baba, ka ga inda na rikice. Kalmar nan da ka yi, taka ce ko ta tsohon cikin takarda? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuna wa kowa abin faɗa, mu goma sha ɗaya muna kewaye da shi, babu wanda ya durƙusa ya laƙana masa. Likita ya ce ko da mun ɗauke ka nan take babu abin da zai sauya. Na ji shi, amma ba wannan Mama ta tambaye ni ba.

Jiya da hantsi na kasa daurewa, na koma gidanka. Na tarar da Mama a bakin ƙofar ɗakinta, na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, har da gyaran da na yi maka. Da na gama, sai ta ce, "Shekara nawa yana cika min kunne da haddar wasa a tsakar gidan nan, har maƙwabta sun iya. Wurin kalmar shahada kaɗai yake tsallakewa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce wannan ba ta cikin wasa, duk inda aka ji ya faɗe ta, tasa ce."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Kika ce masa ya yi sauri?"

Na ce, "E, Mama. Ki yafe min."

Ta ce, "Me zan yafe? Ai gaskiya kika faɗa masa. Ya yi sauri."

Na fito ban san ko sauke min kaya aka yi ko ƙara min ba. Ranar Asabar za mu koma gwaji, kuma har yanzu ban san wanda zan iya cewa ya kwanta a wurin nan ba.

Ya Allah, Kai ne Ka san abin da ke cikin ƙirji lokacin da harshe ya furta. Ka karɓi kalmar bawanKa a matsayin tasa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka yafe mana gafalarmu, mu da muka tsaya muna kallo. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa biyar da jikokinsa, da abokan aikina na zaure, da duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin nan bakinsa ya mutu aka raɗa masa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa akwai mai tuna mana a kusa, amin.